Sunan yana nan, masana'antar ce ta tafi

Makon jiya na miƙa makullin akwatin kayan aiki, na bar wurin da na shafe shekara 12 ina kwance injinan wanki ina ɗaurawa. Yaran sashen gyara sun matsa sai na rubuta musu wani abu kafin in yi nisa. Ba zan ɓata muku lokaci da yadda ake zaro tsabar kuɗi daga famfon zubar da ruwa ba, ko yadda ake gwada hita, duk kun iya, wasunku ma sun fi ni saurin hannu yanzu. Maganar injinan nan uku zan yi. Kowa a wurin ya ji labarin a bakin wani, amma ba wanda ya taɓa jin sa a bakina.

A shekarata ta huɗu ne. Wata baiwar Allah mai ƙaramin gidan wanki da guga ta kira, aka tura ni. Injina biyu gareta, dukansu tsofaffi, babban ya kai shekara 19 yana aiki. Ƙara yake yi in ya zo matsa, ɗayan kuma motonsa yana tartsatsi. Na buɗe bayansu na duba. A babban injin boris ne da sil, robar da ke hana ruwa kai wa boris, suka gaji, ƙaramin kuma kabon ɗin motonsa ne ya cinye, wato ƴan gawayin da ke kai wuta cikin moton. Bahon da gangar ke juyawa a ciki na ƙarfe ne, gidan boris ɗin kuma wani baƙin ƙarfe ne na zubi da aka ɗaure a bayansa da notuna, ka kwance shi a tsaye ba tare da ka fito da gangar gaba ɗaya ba. Aikin wuni ɗaya ne, in ka yi nawa.

Sai ta tambaye ni, har yau ina jin muryar: "Malam, tsakaninka da Allah, a gyara ko a sake?"

Na ce a sake.

Na daɗe ina gaya wa kaina cewa da zuciya ɗaya na faɗa. Rabin gaskiya ne. Maigidana wanda ya koya mini wannan sana'a tun ina yaro, in ya ga sunan kamfanin nan a goshin inji har shafa shi yake yi, ya ce wannan sai dai mai shi ya gaji da ganinsa. Da wannan na tashi, ban taɓa tuhumar sa ba. Ɗaya rabin kuwa, a makon ne manaja ya tara mu ya ce sito ya cika da sababbin injina masu wannan sunan, duk wanda ya fitar da ɗaya an ninka masa kamasho. Saboda haka da na ce mata, "Hajiya, sunan nan da ya riƙe ki shekara 19 shi ne dai, ga sabonsa ya fi girma ya fi gudu," ni ma na yarda da abin da nake faɗa, sai dai aljihuna ya taya ni yarda. Ta yi lissafinta, ta ƙara da bashi, ta ɗauki uku maimakon biyu, don na ce mata kasuwa za ta buɗe.

Ranar da muka kai kayan akwai abin da ya faru wanda ya isa ya farkar da ni. Mu huɗu muka ciccibi tsohon injin muna nishi kafin ya hau mota. Sabon kuwa mutum biyu suka shigar da shi suna hira. Ta lura, ta ce wannan kamar ba nauyi. Na ce ai fasaha ce ta ci gaba. Tsofaffin biyu kuma masu sayen tsohon ƙarfe muka kira suka auna suka tafi da su, ni na yi musu cinikin ma.

Wata 14 bayan haka ta bugo waya. Ba ta yi dogon bayani ba, ta kara wayar a jikin injin. Kun san ƙarar, kamar jirgi zai tashi. Da na je na sa hannu na girgiza gangar sama da ƙasa, tana wasa. Na leƙa baya, ga layin tsatsa ya gangaro daga ƙarƙashin fulin da bel ke juyawa, alamar ruwa ya riga ya wuce sil ya wanke man boris. Na ce mata ƙaramin aiki ne, jibi za ki samu kayanki. Na ɗauko shi na kawo bita, na cire murfi, na cire kankaren da ke danne injin, na cire sifirin da shokazoba, na fito da bahon na ajiye a kan benci. Na ɗauki sifana na zagaya shi ina neman notunan da suka haɗa rabin gaba da rabin baya. Na zagaya sau biyu. Babu noti ko ɗaya. Roba ce rabi biyu aka narke bakinsu aka manne, ɗinki guda ya kewaye shi kamar bakin ƙwarya. Boris ɗin da bai fi tafin hannu ba yana ciki, ba ƙofar kai wa gare shi.

Na kira masu kayan gyara. Suka ce ba sa sayar da boris ɗin wannan samfurin shi kaɗai, sai dai bahon dungurungum da ganga da komai, kuma in ka haɗa kuɗinsa da na aiki ya kusa kuɗin sabon inji. Garanti kuwa wata 12 ne, ya wuce da wata biyu. Ko da bai wuce ba, a ƙasan takardar da ƙananan baƙaƙe an rubuta don amfanin gida kawai. Ni da na sayar wa mai gidan wanki ban taɓa karanta layin ba. Kafin in gama wannan lissafin na biyun ya fara tasa ƙarar. Na ukun bai yi ƙara ba, shi gizonsa ne ya tsage, ƙarfen nan mai hannu uku da ke riƙe ganga ta baya, gangar ta karkace ta cinye robar ƙofa.

A daren ne na yi abin da ya kamata in yi tun farko. Na haska fitila a ƴar takardar da ke manne a bayan injin, wadda ke ɗauke da lambar samfuri da ƙasar da aka ƙera shi. Ƙasar ba ita ce wadda maigidana yake ambata ba. Na ɗauki lambar famfon, da ta makullin ƙofa, da ta fanel, wato allon lantarkin da ke sarrafa injin, na shiga ɗakin baje kaya na kwantar da injin da ya fi kowanne araha a wurinmu, wanda mu kanmu muke yi wa dariya. Lambobin iri ɗaya. Bahon iri ɗaya, har tambarin mazubin robar. Abin da ya bambanta su fuskar gaba ce da zoben ƙofa mai ƙyalli. Daga baya na gano sunan ya canja hannu har sau biyu tun bayan da aka ƙera tsohon injin matar, masana'antar da ta yi shi ma an rufe ta da daɗewa. Ba zan faɗi sunan ba. Su ba su ɓoye komai ba, a jikin injin suka manna, ni ne ban duba ba.

Abin da ya biyo baya shi ne ya zaunar mini a rai. Ta zo ofis da takardunta, aka kira ni. Manaja ya karɓe ta da fara'a, ya ba ta kujera, ya saurare ta har ta gama. Sai ya juyo ya nuna ni ya ce, "Hajiya, mu ƴan kasuwa ne, abin da aka kawo mana muke sayarwa. Ga masanin nan, shi ya je gidanki, shi ya ga aikinki, shi ya ba ki shawara." Mutumin da ya halarci taron dillalai inda aka gabatar da samfurin, wanda ya san daga wace masana'anta ya fito, wanda ya san dalilin da ya sa aka sakar masa su da rangwame har ya cika sito. Na buɗe baki zan yi magana, na ce "Ranka ya daɗe," ya ɗaga mini hannu. Washegari takardar tuhuma tana kan bencina. Wata uku ana yankar albashina, wai don a rage wa kwastoma asara, kuma har na bar wurin ban ga shaidar cewa kuɗin sun kai hannunta ba.

Ita ba ta ɗaga murya ba. Da za ta fita ta tsaya kusa da ni ta ce, "Da ka bar mini tsofaffina." Yankan albashin bai kai wannan ciwo ba.

Na yi abin da zan iya. Bayan an tashi aiki nakan tsaya, na sa zarto na yanka ɗinkin bahon a hankali, na fitar da boris na sa sababbi masu kyau da sil, na huda ramuka kewaye da bakin, na shafa gam na ɗaure da ƙananan notuna. Da yawanku a wurina kuka ga wannan dabarar, to ga inda ta samo asali, ba gwaninta ce ta haife ta ba. Ɗaya ya riƙe, ɗaya ya riƙa ɗiga har na sake buɗe shi. Na ukun ban samu gizonsa shi kaɗai ba. Ba ta sake kiran mu ba, ban kuma ga laifinta ba.

Daga nan ne littafin nan mai baƙin bango ya fara, wanda kuke tsokanata da shi. Na ce ba zan ƙara buɗe baki in yabi wani suna ba sai na san wa ke da shi yau, kuma wa ya ƙera wannan samfurin da ke gabana. Da biro na fara rubutawa. Ban yi shekara biyu ba na koma fensir.

Shafin farko Maytag ne, don shi ya fi ba ni mamaki. Kamfani ne da aka kafa a 1893 a wani ƙaramin gari, Newton, a jihar Iowa ta Amurka. Tun 1967 tallarsu ta shahara da wani mai gyara da ke zaune shi kaɗai yana hamma, wai injinansu ba sa lalacewa balle a kira shi. Duk mai sana'armu ya ga tallar nan sai ya yi murmushi. A 2006 Whirlpool, babban abokin hamayyarsu, ya saye kamfanin, a 2007 aka rufe masana'antar Newton. Sunan Maytag yana nan a kasuwa, Amana ma da Maytag ya saya a 2001 yana nan, dukansu a gidan Whirlpool. Mutum zai shiga kanti ya tsaya yana auna uku, wannan ko wancan ko wancan, bai san duk aljihu ɗaya kuɗinsa za su faɗa ba.

Kenmore kuwa bai taɓa zama masana'anta ba. Sunan kantunan Sears na Amurka ne, wasu ke ƙera musu. Masu gyara a can sun san sirrin a lambobi uku na farkon lambar samfuri: 110 na Whirlpool ne, 796 na LG, 417 na ɓangaren Frigidaire. Da na karanta wannan na ji kunya ta sake kama ni, ashe abokan sana'a sun daɗe da sanin cewa ƴar takardar baya ita ce ke faɗin gaskiya.

Wanda ya fi rikitarwa Hotpoint ne da Hoover, sunaye biyu da kowannensu ya rabu gida biyu. Hotpoint na nahiyar Amurka yana ƙarƙashin GE Appliances, wanda Haier na ƙasar Sin ya saya a 2016 a kan dala biliyan 5.6, bayan hukumomin Amurka sun tare wa Electrolux hanya a shekarar da ta gabata. Hotpoint na Turai kuma ya bi wata hanyar dabam: ya shiga hannun iyalan Merloni na Italiya, masu Ariston, waɗanda suka sayi Indesit a 1987 har daga baya suka mai da sunan kamfaninsu Indesit. A 2014 Whirlpool ya sayi Indesit. A watan Afrilun 2024 Whirlpool ya haɗa harkarsa ta Turai da Arçelik na Turkiyya aka kafa Beko Europe, Arçelik na da kashi 75, Whirlpool na da 25. Wato Hotpoint na Turai da Indesit da Bauknecht na Jamus, wanda Whirlpool ya gada daga Philips, duk yanzu ƴan ɗaki ɗaya ne da Beko. Layin nan kaɗai sau nawa na goge shi. Hoover kuwa Maytag ne ya mallake shi a 1989, ya sayar da reshen Turai ga Candy na Italiya a 1995. Candy ɗin shi ma Haier ya karɓe shi a farkon 2019. Hoover na Amurka, mai injinan shara, yana hannun Techtronic na Hong Kong. Suna ɗaya, rubutu iri ɗaya, iyayen gida dabam.

Sauran shafukan gajeru ne. Electrolux na Suwidin ya ɗauki Zanussi a 1984, Frigidaire a 1986, sashen kayan gida na AEG a 1994. Bosch da Siemens sun haɗa harkar kayan gida tun 1967, a 2015 Bosch ya saye rabin Siemens, saboda haka injin wankin da ke ɗauke da sunan Siemens yau kamfanin Bosch ne ke yin sa da lasisi. Fisher & Paykel na New Zealand ya koma Haier a 2012. Midea ya karɓi kashi 80 da ɗoriya na kayan gidan Toshiba a 2016. Gorenje na Sulobeniya, wanda ya sayi Asko na Suwidin a 2010, shi ma Hisense ya saye shi a 2018. Arçelik kafin zancen Whirlpool ya riga ya tara Blomberg da Grundig da Defy na Afirka ta Kudu da Dawlance na Pakistan, a 2021 kuma ya ɗauki kashi 60 na harkar kayan gidan Hitachi a wajen Japan. In ka tsaya a ɗakin baje kaya ka ƙirga sunaye ashirin, ka koma littafin, da wuya masu su su wuce yatsun hannunka.

A nan ne na kusa yin kuskure na biyu, kuma shi nake so ku kiyaye, don na ji wasunku sun fara maimaita shi da sunana. Bayan abin da ya same ni sai na koma ɗaya gefen: duk sunan da na ga an sayar, sai in ce ya mutu. Wani yaro har cewa yake wa kwastoma, "Oga ya ce wannan na Sin ne yanzu, kar ka saya." Ban taɓa cewa haka ba, in ma na faɗa a cikin fushi to na janye. Haier bai rufe babbar masana'antar GE da ke Louisville a Amurka ba, ana ƙera injina a can har yanzu. LG da Samsung ba wanda ya saye su, suna kuma da masu kyau da marasa kyau kamar kowa. Na buɗe injinan da sunansu bai taɓa canja hannu ba na tarar da baho a manne. Na buɗe na kamfanin da aka sayar sau uku na tarar da notuna reras. Ko Miele, da yake hannun iyalan Miele da Zinkann tun 1899, wanda ke cewa yana gwada injinansa daidai da aikin shekara 20, a 2024 ya sanar zai mai da mafi yawan haɗa injinan wankin gida daga Gütersloh ta Jamus zuwa masana'antarsa ta Poland. Sanin mai suna yana gaya maka inda za ka fara tambaya ne kawai. Kamfani guda yakan riƙe suna na sama da na tsakiya da na ƙasa, kuma a ƙarƙashin suna ɗaya ma akwai jerin samfura da ba masana'anta ɗaya ta yi su ba, wani lokaci ma wani kamfanin aka ba kwangila ya ƙera aka manna tambari.

Abin da ya canja injinan, a iya abin da hannuna ya taɓa, ya fi zancen saye da sayarwa faɗi. Ku dubi tsohon injin matar nan: kilo 5 yake ɗauka, yana matsa a juyi 1,000 a minti. Sababbin kilo 9 suke ɗauka, juyi 1,400. Faɗin akwatin kuwa bai ƙaru ba, santimita 60 ɗin nan ne dai. Ƙarfin da ke jan jiƙaƙƙen kaya zuwa bangon ganga ba daidai da gudu yake ƙaruwa ba, ninkin gudun a kansa yake bi, don haka daga 1,000 zuwa 1,400 ya kusa ninka biyu, kafin ma ka sa ƙarin nauyin kayan da faɗin gangar. Duk wannan a kan sanda ɗaya yake rataye, ta gefe guda, boris biyu ne ke riƙe da ita. In mai ƙira ya ƙara girman ganga bai ƙara girman boris ba, ko ya rage kuɗin sil, ba sai an yi duba ba. Ruwa ya sami hanya, mai ya wanke, tsatsa ta shiga, jirgi ya tashi.

Roba a kanta ba laifi ba ce, wannan ma sai da na daɗe kafin na yarda. Bahon roba mai kauri ba ya tsatsa, yana riƙe zafi, yana rage ƙara. Mannewar ita ce matsalar. A wurin masana'anta tana da ma'ana: ba notuna, ba robar tsakiya, ba ma'aikacin ɗaurewa, yoyo ma ya ragu a shekarun garanti. Mai injin ne ke biyan bashin daga baya, ran da abin da bai kai komai ba ya kashe inji sukutum. Haka kankaren da ke danne injin kada ya yi rawa, shi ma yana aikinsa, sai dai yakan tsage ko notinsa ya saki, abin da baƙin ƙarfen zubi ba ya yi. Gizon kuwa na alminiyom ne a manne da gangar da ba ta tsatsa, yana zaune cikin danshi da ragowar sabulu. Masu wanki da ruwan sanyi kullum, suna zuba sabulu fiye da kima, suna rufe ƙofa da an gama, su ne za ka buɗe nasu ka tarar gizon ya zama kamar alli, ka sa sukundireba ya ruguje. Wannan kam ba duka laifin masu ƙira ba ne.

Kuma kada a ce komai na da ya fi. Moton zamani mara kabon ya fi tsohon daɗewa da shiru, wanda aka ɗaura kai-tsaye a bayan ganga ba bel ma ya rage abin tsinkewa. Ruwa da wutar da sabon inji ke ci ba su kai na tsohon ba. Sai dai za ka ga an rubuta garantin shekara 10 da manyan baƙaƙe a goshi, ka matsa kusa ka ga na moto ne kaɗai, wato abin da da ma bai cika mutuwa ba. Fanel da boris da famfo, su da ke kawo mana injina bita, ba su cikin alkawarin.

Da Tarayyar Turai ta kawo dokarta a ranar 1 ga Maris 2021, wadda ta wajabta wa masu ƙera injin wanki su ajiye kayan gyara na shekara 10 bayan samfurin ya bar kasuwa, su kuma kawo su cikin ranakun aiki 15, na yi murna kamar ni aka yi wa. Na nemo jerin kayan na karanta. Ga moto da kabon, ga famfo, ga shokazoba da sifirin, ga hita, ga fanel. Da na zo kan ganga da gizo da boris sai na ga an ƙara ƴan kalmomi: a rarrabe ko a haɗe. Na ajiye takardar na yi dariya ni kaɗai. Ashe ba a nan gizo ke saƙar ba, wanda ya manne bahonsa ya sayar maka da shi dungurungum bai karya doka ba. Faransa ta ɗan matsa gaba, a Janairun 2021 ta tilasta a manna makin sauƙin gyara, daga cikin 10, kusa da farashi. Ko ba komai mai saye ya ga wata lamba da ba ta talla ba.

Sauran abin da na koya ba su da tsawo. Kafin ka ce wa mutum ya jefar da tsohon inji, ka rubuta masa kuɗin gyara a takarda ya gani da idonsa. Ka tambayi sau nawa ake wanki a rana kafin ka nuna samfuri, injin gida na gida ne komai sunansa. Ka nemi zanen kayan gyaran samfurin, in boris da sil suna da lambarsu dabam to ana buɗe bahon, in lamba ɗaya ce ta haɗe komai ka san abin da kake sayarwa. Ka ɗaga gefen injin ka ji nauyinsa, ba hujja ba ce amma shaida ce. Ka karanta takardar garanti har layin ƙarshe. Ran da aka ninka kamasho a kan wani kaya, ka tambayi kanka me ya sa kayan ke buƙatar a tura shi. Duk umarnin da babba ya ba ka da baki a kan abin da za ka gaya wa kwastoma, ka nemi ya rubuta, ko kai ka rubuta masa saƙo ka ce kamar yadda ka umarta, ka ajiye. Wasu manyan suna da mantuwa mai zaɓe, takan tashi ne daidai lokacin da kwastoma ya zauna a kujerar ofis.

Shekara takwas na yi bayan wannan a wurin, ban sake samun takardar tuhuma ba, ba kuma injin da na ce a saya ya dawo mana da baho a manne ba tare da mai shi ya san haka tun ranar ciniki ba. Na san abin ya rage mini kamasho, an kuma sha faɗa a taro cewa wasu ma'aikatan sun fi son gyara da sayarwa, ana kallon gefen da nake. Sau biyu aka tsallake ni a shugabancin sashen. Wanda aka ba a karo na biyu ni na koya masa riƙe sifana, ina kuma yi masa fatan alheri, yaron kirki ne.

Ranar da zan tafi manaja ya kira ni ofis, kujerar nan dai tana wurinta. Ya yi godiya, ya ce ƙofa a buɗe take. Sai ya ce littafin nan mai baƙin bango, tunda a lokacin aiki aka tara abin da ke ciki, ya kamata ya zauna a ofis. Na ce, "Ranka ya daɗe, da dare na rubuta shi, kuma da ragowar albashin watannin nan uku na saye shi." Bai ce komai ba.

Littafin yana hannun ƙaraminku. Na ɗaura masa magogi da zare a jikin bango, don layin Hotpoint ya kusa hujewa, ku bi shi a hankali in lokacin sake gogewa ya zo.